Shawara: Sau Biyu Turanci Yana Kayar da Ni, Baba Ya Ce Wannan Ne na Ƙarshe

*Assalamu alaikum. Allah ya gafarta malamai. Ni saurayi ne daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, Jihar Jigawa. Bara na gama sakandare. Na samu kiredit a Lissafi da Hausa da sauran darussa, amma Turanci D7 ya fito mini a NECO, na sake zama WAEC ta 'yan waje na samu E8. Kwalejin koyon aikin lafiya nake son shiga, kuma ko'ina sai a ce sai da kiredit a Turanci. Baba ya ce zai sayar da tunkiya ya biya mini zaman ƙarshen shekara, in na sake faɗuwa shi ke nan. Wallahi ina karatu. Na haddace wasiƙu shida da insha'i huɗu, na haddace amsoshin tambayoyin shekarun baya. Da rana ina gona, garinmu kuma babu wuta. Wani abokina ya ce in ƙara kuɗi a kai ni santar da ake ba da amsa. Saura wata huɗu. Yaya zan yi?*

Wa alaikumus salam, ɗanmu. Allah ya yi maka albarka, ya saka wa mahaifinka da alheri, domin ba ƙaramin abu ba ne manomi ya fitar da dabba daga turke saboda takarda. Mun yarda kana karatu, kuma wanda ya ci Lissafi ba za a kira shi daƙiƙi ba. Hadda ce ta kayar da kai. Jarrabawar Turanci abu biyu take aunawa: ko za ka karanta rubutun da ba ka taɓa gani ba ka gane shi, da ko za ka rubuta naka da hannunka kafin lokaci ya cika. Hadda ba ta koyar da ko ɗaya daga ciki.

Fara da sanin inda makin yake. Turancin WAEC takardu uku ne. Ta farko tambayoyin zaɓi 80 ne a awa ɗaya, maki 40. Ta biyu awa biyu ce, maki 100: insha'i 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Ta uku ta furuci ce, tambayoyi 60 a minti 45, maki 30. Duka 170 ke nan, kuma 100 daga ciki suna takardar da babu zaɓi a cikinta, sai abin da bironka ya rubuta. NECO ma a kan waɗannan sassa take tafiya, ko da yake adadin tambayoyi da lokacinta sun ɗan bambanta. Saboda haka fiye da rabin lokacinka na wata huɗun nan takarda ta biyu za ka ba.

Makin insha'i kashi huɗu ake raba shi. Maki 10 na ƙunshiya ne, wato ko ka amsa abin da aka tambaya. Maki 10 na tsari ne, wato siga da sakin layi da yadda magana ke bin magana. Maki 20 na iya sarrafa harshe ne. Sauran 10 na tsabtar rubutu ne, kuma a nan rabin maki ake cirewa a kan kowane kuskure na nahawu ko harafi ko alamar rubutu, ka ga kuskure 20 ya share goman nan gaba ɗaya. Yanzu dubi abin da hadda ke jawowa. An ce ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma a kan illoli uku na rashin ruwan sha, kai kuma wasiƙar da ke kanka ta shugaban makaranta ce a kan rashin ɗakin karatu. Sai ka lanƙwasa ta da ƙarfi. Makin ƙunshiya ya tafi, na tsari ya bi shi, sannan duk inda ka sauya kalma da kanka kuskure ya fito, tunda ba ka saba gina jimla ba. Mai makin kuwa ya riga ya ga ɗaruruwan takardu da suka fara da "I pick my golden pen", da ganin layin farko ya san kwafe ne.

Tambayoyi biyar ake bayarwa ka zaɓi ɗaya. Galibi akwai wasiƙar hukuma, wasiƙar zumunci, maƙalar jarida, jawabi ko muhawara, da kuma labari. Ra'ayinmu shi ne ka ƙware a kan wasiƙun nan biyu da maƙala, ka bar labari. Ɗalibai suna rububinsa don suna ganin ya fi sauƙi, alhali kusan kowane aikatau a cikinsa sai ya zo a sigar abin da ya wuce, kuma wanda hannunsa bai faɗa ba zai fara da "went" ya koma "go" a layi na uku, jan biro ya yi ta sauka.

Sigar wasiƙa ita kaɗai ce muka yarda ka haddace. A ta hukuma, adireshinka da kwanan wata a sama ta dama, muƙami da adireshin wanda kake rubuta wa a ƙasa ta hagu, sai "Dear Sir," sai kanun magana, sai jikin wasiƙa. Ka rufe da "Yours faithfully," Y babba, f ƙarama, babu wata alama tsakanin r da s, sannan sa hannu, sannan cikakken suna a ƙarƙashi. A ta zumunci adireshi ɗaya ne, babu kanu, ka gaishe shi da sunansa, ka rufe da "Yours sincerely," da sunanka na farko kawai. Maƙala kuwa take ne a sama da sunan marubuci, babu adireshi babu gaisuwa. Waɗannan makin banza ne da ake zubarwa saboda sakaci.

Ana son kalmomi 450 zuwa sama. Kada ka tsaya ƙirga su a ɗakin jarrabawa. Tun a gida ka ƙirga kalmomin layi biyar na rubutunka ka raba da biyar. In tara ne a layi, layi 50 kake buƙata, kuma daga ranar idonka ya san inda za ka kai. Insha'in da bai cika ba ana rage masa maki tun kafin a duba kyansa. Hanyar cika shi ba tare da surutu ba ita ce rabo: gabatarwa kalma 60, dalilai uku kowanne da sakin layinsa na kalma 110, rufewa 60. A kowane sakin layi ka faɗi dalilin a jimlar farko, ka yi bayaninsa, ka kawo misali, ka faɗi abin da yake haifarwa. Misalin kuma daga garinku za ka ɗauko. In maganar ruwa ce, ka san ranar da famfon burtsatse ya lalace, ka san 'yan mata suna tafiya ɗibar ruwa su makara zuwa makaranta, ka san abin da shan ruwan kududdufi ke jawowa da damina. In maganar hanya ce, ka san yadda mota ke maƙalewa da buhunan riɗi a kan hanyar kasuwar Gujungu. Ɗan birni bai fi ka abin faɗa ba. Jera dalilan a ranka da Hausa in ka ga dama, ka rubuta su a taƙaice a minti biyar na farko, ka yi minti 35 kana rubutu, ka bar minti goma don bita.

Ga aikin da zai sauya sakamakonka, kuma shi ne wanda ɗalibai suka fi gudu. Sayi littafin rubutu biyu. A na farko ka rubuta insha'i biyu kowane mako, da agogo a gabanka, minti 50 ba ƙari. Ka samu wanda zai duba maka: malamin Turanci na ƙaramar sakandaren da ke kusa, ko ɗan bautar ƙasa da aka turo yankinku, ko ɗalibin kwalejin ilimi da ya zo hutu. Ka roƙe shi ya zagaye kuskure da jan biro, kada ya gyara maka. Kai za ka zauna ka gano abin da ya ɓaci, in ya gagara sannan ka tambaya. A littafi na biyu ka rubuta kowane kuskure da gyaransa a gefe. Bayan haka ka sake rubuta wannan insha'in daga farko. Sake rubutun ne ke koyarwa, domin rubuta sabo kullum ba tare da gyara ba maimaita kuskure ne kawai. Cikin mako uku za ka lura kurakuranka ba su da yawa, iri biyar ko shida ne suke ta dawowa. Ko noma ka sani, ba a gane ciyawar da ta addabi gona sai an sunkuya a cikin kunya.

Muna iya faɗa maka waɗanda za ka tarar tun yanzu. Akwai barin s a aikatau, "he go" maimakon "he goes". Akwai ninka abin da ya wuce, "did not went" maimakon "did not go". Akwai jam'inta abin da ba a jam'intawa, irin su "informations" da "advices" da "furnitures". Akwai musanya p da f a rubutu, saboda a bakin Bahaushe sauti ɗaya ne, sai "people" ta koma "feople". Akwai ɗauko ginin Hausa a sa masa kalmomin Turanci, "drink medicine" a madadin "take medicine". Sai taƙaice-taƙaicen waya, u da bcos, da rubuta I da ƙaramin baƙi, da barin sunan gari ko na wata ba babban baƙi. Mafi muni shi ne jimla mai layi biyar da ake ta ɗaurawa da "and" babu aya. Ka riƙe jimlarka tsakanin kalma 12 zuwa 15. Gajeriyar jimla daidai ta fi doguwa mai kalmomin burga da ba ka tabbatar da ma'anarsu ba.

Rubutu ba ya gyaruwa in babu karatu, don haka kullum ka ba karatun Turanci minti 30. Ba sai sabon littafi ba. Tsohuwar jaridar Turanci da mai ƙosai ko mai tsire ke naɗe kaya da ita ta isa, haka littattafan ƙaramar sakandare na ƙannenka, kuma kada ka ji kunyar komawa kansu. Yadda za ka karanta shi ne muhimmi. Ka karanta sakin layi ɗaya, ka rufe shi da hannu, ka faɗa wa kanka da Hausa a jimla ɗaya abin da ya ce. In ka kasa, ba ka gane ba, ka sake. In ka iya, ka rubuta wannan jimlar da Turancinka ba tare da leƙawa ba. Wannan atisayen shi kaɗai yana shirya ka wa maki 50 na auna fahimta da taƙaitawa. Sabuwar kalma kuma ka fara cankar ma'anarta daga maƙwabtanta kafin ka buɗe ƙamus, domin ranar jarrabawa haka za ka yi. Biyar a rana sun isa, kowace ka rubuta ta cikin jimlar da ka same ta.

A auna fahimta ka karanta nassin sau ɗaya, ka karanta tambayoyin, ka koma nassin da fensir kana ja wa wurin amsa layi. Amsa gajeriya ake so. Kada ka ba da amsa biyu da fatan ɗaya ta dace, domin in ɗaya ba daidai ba ce ba a ba da makin. Inda aka ce ka kawo kalmar da za ta maye gurbin wata, dole ta zo a siga ɗaya da ita. In "purchased" aka ba ka, amsar "bought" ce, "buy" faɗuwa ce. Ka gwada ta a cikin jimlar kafin ka rubuta. Akwai kuma tambayar da kusan ba ta fashi, wadda ake ciro wani yanki a ce ka faɗi sunansa na nahawu da aikinsa. Fara da duba ko akwai aikatau mai nuna lokaci a ciki: in akwai "clause" ne, in babu "phrase" ne. Sannan ka duba aikinsa. A jimlar "The man who sold the ram has travelled", yankin "who sold the ram" sifanta mutumin yake yi, sunansa "adjectival clause", aikinsa "it qualifies the noun man". In yankin lokaci ko dalili ko sharaɗi yake bayyanawa, "adverbial clause" ne, kuma "it modifies the verb" za ka ce, ka ambaci aikatau ɗin. In za ka iya cire yankin ka sa "it" jimla ta tsaya, "noun clause" ne. Ka yi misali 30 na irin wannan daga tambayoyin baya, ba za ta sake ba ka tsoro ba.

Taƙaitawa ta fi kowane sashe saurin ɗaga ɗalibi daga D7 zuwa C6, ita ce kuma aka fi bari sai lokaci ya ƙure. Maki 30 ne, galibi a kan jimloli shida, kowace maki biyar. In an ce jimla uku, uku za ka rubuta, kowace a layinta da lambarta, kowace da mai aikatawa da aikatau. Guntun magana da ba jimla ba rabin makin jimlar ake ba shi. Kwafe jimlar nassi kai tsaye ba ya samun komai. Cusa misalai da ƙarin bayani yana jawo ragi. Marubuci yakan faɗi maganarsa a jimla ɗaya, ya bi ta da misalai da alƙaluma, kuma duk abin da ya biyo bayan "for example" ko "such as" ba naka ba ne. Ka ciro ƙashin maganar, ka faɗe shi da kalmominka. Wanda ya saba rufe sakin layi da hannu ya faɗi abin da ya ƙunsa ya riga ya iya wannan. A ranar jarrabawa ka rubuta lokacin tashi daga kowane sashe a gefen takardar tambaya, insha'i minti 50, auna fahimta 30, taƙaitawa 40, ka kuma bi shi ko da ba ka so.

Takardun zaɓi ba za mu daɗe a kansu ba. Tambayoyin baya suna da amfani in ka rufe amsoshin, ka yi su da agogo, sannan ka bi waɗanda ka faɗi ka gano dalili. Daƙiƙa 45 ce rabon kowace tambaya a takarda ta farko da ta uku. Wadda ta tsaya maka ka wuce ta ka dawo, kada kuma ka bar gurbi, tunda ba a cire maki don amsar da ba daidai ba. In a kan takarda za a yi jarrabawar, ka tafi da fensir HB biyu da magogi, kuma bayan kowace tambaya goma ka duba lambar da kake cikewa ta yi daidai da ta tambayar.

Takardar furuci a rubuce ake yin ta, ba wanda zai sa ka magana. Sauti ake tambaya, harafi kuwa yaudara ne: ph a "phone" f ce, b a "comb" da "debt" ba a furta ta, haka t a "listen". Ƙarshen ed iri uku ne, t a "walked", d a "begged", id a "wanted". Kalmar da ta ƙare da tion, ƙarfin murya yana kan gaɓar da ke gabanta. Inda aka rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe, nemi tambayar da ta saɓa wa wannan kalmar kaɗai. In an ce "Musa bought a RED cap", tambayar da ta dace ita ce "Did Musa buy a blue cap?" Kana da wata riba da ba ka sani ba, domin kunnen Bahaushe ya saba bambance dogon wasali da gajere, kuma shi ne bambancin "seat" da "sit". Ka riƙa sauraron labaran Turanci a rediyo kana maimaitawa a bayyane, ƙamus na Oxford kuma yana nuna alamar furucin kowace kalma a gefenta. In ka shiga gari da wayar da ke hawa intanet, WAEC tana sa bayanan manyan masu makinta a shafinta kyauta, inda suke faɗin kurakuran ɗalibai shekara bayan shekara.

Gona da rashin wuta ba za su hana ba in ka yanka lokaci. Bayan sallar asuba, kafin a fita, kai a sake yake, nan za ka yi rubutu na minti 50. Hutun tsakanin azahar da la'asar na karatun minti 30 ne a inuwa. Dare da fitilar sola a bar wa tambayoyin zaɓi, su ba sa buƙatar natsuwa kamar insha'i. Ranar Juma'a da safe, daga wata na biyu, ka zauna awa biyu cur ka yi takarda ta biyu gaba ɗayanta ba tashi. Abin da ya kamata ka hango tun yanzu shi ne kaka: girbin gero da cirar gyaɗa da yankan riɗi duk za su faɗo gab da jarrabawa, a daidai lokacin da gida ya fi buƙatar hannunka.

Wannan ne ya sa muke so ka zauna da Baba tun wannan makon, cikin ladabi, da buƙatu ƙayyadaddu. Ka roƙe shi hantsin Juma'a, da rabin yini a mako ukun ƙarshe, da kuɗin littafi biyu da fitila in babu. Duk ƙarshen wata ka kai masa littafin insha'inka. Ko ba ya karanta boko zai ga jan biro yana raguwa daga shafi zuwa shafi, ya san tunkiyarsa ba a banza ta tafi ba. Ka kuma tambayi kwalejin da kake nema ko tana karɓar sakamakon zama biyu a kwas ɗin da kake so. Makarantu da yawa suna karɓa, kuma in haka ne kiredit ɗinka na bara suna nan, ƙarfinka duka ya koma kan Turanci.

Maganar santar ba da amsa kuwa, ɗanmu, kada ka je. Ha'inci ne, kuma dokar hana satar jarrabawa ta 1999 ta mai da shi laifi. Hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamako, suna soke shi, wani lokaci na santa gaba ɗaya, kuma wanda aka yi wa alƙawarin zama ɗaya ba shi da abin da zai yi caca da shi. Ko da ta fito, aikin lafiya kake nema. Da Turanci za a koyar da kai, da shi za ka karanta takardar magani da adadin da za a ba yaro mara lafiya. Muna son ka shiga wurin da Turancin da yake naka.

Ga aikinka na farko. Gobe bayan asuba ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukumarku wasiƙa a kan matsaloli uku da manoman garinku ke fuskanta da damina, da abin da kake so a yi a kan kowace. Minti 50, layi 50, ba leƙen littafi. Ka kai wa malamin da zai zagaye maka kurakurai kafin Juma'a, ka sake rubuta ta ranar Asabar. Allah ya ba da sa'a.